Kilo Tasa'in a Takardar Halilu

Duk Bahaushen da ya zauna a Woodbridge, can Amurka, ya san Halilu, in bai san shi da fuska ba ya san shi da rashin zuwa. Idan ana suna a gidan wani ranar Asabar, matarsa Juwairiyya ce za ta shigo da kular shinkafa ta ce maigidan yana gaisuwa. Idan ana walimar Sallah a Germantown, zai iso ana naɗe tabarmi, wayoyi biyu a ƙugu, ya ci abinci a tsaye ya juya. Yara suka sa masa Kawu Jirgi, alhali kuwa bai taɓa tuƙa jirgi ba, hawansa ma sai a ƙirga da yatsun hannu ɗaya.

Mutumin Funtua ne. Ya zo karatu a 2002, ya gama, ya samu aiki a wani ƙaramin kamfanin hayar jirage da ke filin jirgin Manassas. Aikinsa shi ne tsara tashi da sauka: wane jirgi, wane matuƙi, ƙarfe nawa, mai nawa, mutum nawa, ta wace hanya. Ɗakin da yake aikin yana can bayan rumfar jirage, ba shi da taga. Akwai farin allo a bango da 'yan maganaɗisu masu launi, kowane ɗaya jirgi ne. Akwai kwamfuta uku, rediyo, da wata ƙaramar talabijin da aka kashe wa murya tun kafin ya zo. Sallayarsa kullum tana naɗe a bayan firinta. Yakan ce yana sanin an yi ruwa ne idan matuƙa sun shigo da jiƙaƙƙen takalmi.

To, akwai tseren motoci. Mu da muka taso da ƙwallo da dambe ba lallai mu gane ba, amma a nan abu ne babba. Sau biyu a shekara ake yin wani a Dover, can jihar Delaware, motoci su yi ta zagaya fili har sau ɗari huɗu, jama'a dubu-dubu suna kallo. Talaka ya shiga motarsa ya sha cunkoso rabin yini. Mai hali kuwa ya taso daga Texas ko Florida a ƙaramin jirginsa, kuma da yake filayen da ke kusa da Dover sun cika tun watanni, sai ya sauka a Manassas, ya taka 'yan taku talatin ya shiga helikwafta, a dire shi a bayan filin tseren ko rigarsa ba ta yamutse ba.

Waɗannan taku talatin ɗin, Halilu ne yake shafe wata biyu yana shirya su. Masu filin tsere suna raba lokacin sauka ne kamar layin famfo, kowace helikwafta minti biyar, ka wuce naka ka koma baya. Ga kuma sararin Washington, wanda tun bayan harin 2001 aka zagaye shi da doka, tsakiyarsa ba a ratsawa haka kawai, sai a kewaya, kewayen kuma yana shan mai. Ga awannin matuƙa da doka ta ƙayyade. Idan jirgin mai kuɗi ɗaya ya makara da rabin awa saboda matarsa ta manta tabarau, duk maganaɗisun allon nan sai sun canja wuri. Daga Alhamis zuwa Litinin, Halilu a ɗakin yake cin abinci, a nan yake salla.

Kuna iya cewa me ya hana shi neman wani aikin. Takardu ne. Kamfanin ne ya nema masa katin zaman ƙasa, girin kad, kuma layin yana da tsawo. Lauya ya ce masa kada ya bar aikin, kada ya bar ƙasar, har sai katin ya fito. Ya bar aikin, layi ya koma farko, ko ma a ce ya tattara. Takardun Juwairiyya ma a jikin nasa suke rataye. Ko aurensu a bayan idonsu aka ɗaura, ita tana nan Amurka wajen gwaggonta tana karatun jinya, shi yana Manassas, waliyyai suka haɗu a Funtua suka gama komai, aka bugo musu waya.

Mai kamfanin, Gregory, dogo ne mai sanƙo, ba shi da mugunta, amma yana da doka ɗaya da ya taɓa korar mutum a kanta. Helikwafta ba kamar babban jirgi ba ce, kowane kilo ana lissafa shi, musamman ranar zafi, lokacin da iska take yin sakayau ta kasa ɗaukar kaya. Masu kuɗi ba sa son hawa sikeli, don haka ana tambayar kowa nauyinsa, a rubuta, mai tsarawa ya sa hannu. Dokar Gregory ita ce: a tambaya, ba a ƙiyastawa. Su da laba suke awo, amma zan ba ku da kilo don kada mu wahala.

Shekarar da abin ya faru, an haifa musu 'yarsu Afnan, kuma mahaifin Juwairiyya, Alhaji Zulkifilu, ya zo ganin jika da ganin likita. Wannan ne karon farko da Halilu ya zauna ɗaki ɗaya da surukinsa. Alhaji tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekara talatin tsakanin Funtua da Legas da lodin auduga da albasa kafin ya mallaki motocin kansa. Mutum ne mai jiki, mai murya, kullum cikin babbar riga. Kwana biyu da zuwansa ya gano tashar da ake nuna tseren motoci, shi ke nan, aka daina kallon komai a gidan.

Halilu ya ba da labarin a wurin aiki don a yi dariya. Gregory bai yi dariya ba, sai ya duba allo ya ce, "Helikwaftar da Olive za ta tuƙa ranar Lahadi tana da kujera shida, fasinja biyar. Ka sa tsohon. Tikitin shiga ina da shi."

Halilu bai iya kai wa surukinsa albishir da bakinsa ba, ta wajen Juwairiyya saƙon ya bi. Kafin magariba Alhaji ya buga wa mutum bakwai waya a Funtua. Ya sa aka fito masa da farar shaddarsa da ya ajiye don Juma'a, aka goge.

Sai maganar takarda ta taso. Halilu ya sami matarsa a kicin.

"Maman Afnan, ki tambayar mini Baba nauyinsa."

"Nauyinsa kamar yaya?"

"Kilo nawa yake."

Ta ajiye ludayi ta dube shi. "In je in tsaya gaban Baba in ce kilo nawa kake? Sai ka ce ragon layya?"

"Ke 'yarsa ce."

"Kai kuma mai takarda ne. Kullum ba tambayar Turawa kake yi ba?"

"Turawa ba su ba ni 'yarsu ba."

"To ni ma ban taɓa tambayarsa ko shekarunsa ba, ba zan fara da kilo ba."

Ranar Laraba da yamma ya yi ta maza. Alhaji yana kan kujera, Halilu ya zauna a ƙasa kan kafet, gefe guda, ya sunkuyar da kai, ya gaishe shi da gajiya, da baƙunta, da sanyin na'ura.

"Baba, dama maganar jirgin nan ce."

"To, Malam Halilu, ina jin ka."

"Akwai abin da ake so a sani."

"Faɗi mana."

Halilu ya dubi yatsun ƙafarsa. "Wai ko kana jin jiri idan ka hau sama."

"Ni? Ni da na sha gangaren Jebba ba birki mai kyau? Ka ce musu su kwantar da hankalinsu."

Ranar Juma'a takarda ta zo gabansa, layi shida, biyar a cike. Ya rufe ido ya hango surukinsa. Babbar riga ba ta nuna komai, rabi mutum ne rabi yadi. Ya rubuta tasa'in, ya sa hannu. Da ya haɗa lissafi, da mai, da fasinja, da zafin da aka ce za a yi ranar Lahadi, sai ya ga akwai rarar kilo ashirin. Ya ce a ransa, ko na yi kuskure ai ba zai wuce haka ba.

Asabar da azahar, yana riƙe da waya ɗaya yana rarrashin wani matuƙi daga Florida, ɗayar ta yi ƙara. Juwairiyya ce, tana dariya. Sun dawo daga wajen likita.

"An hana Baba kilishi, an hana shi shayi mai madara. Ka ga fuskarsa kuwa? Likita ya ce sai ya sauke kilo ashirin ko talatin."

"Daga nawa?"

"Bari in duba takardar. Ɗari da talatin da ɗaya."

Ya ce mata zai kira ta. Ya daɗe yana kallon allon. Kilo arba'in da ɗaya ya ɓace masa, rara ashirin ce kawai. Saura ashirin da ɗaya da ba su da wurin zama.

Duk yammacin nan ya yi ta jujjuya maganaɗisu. Ya duba sauran helikwaftoci biyun, a cike suke. Ya duba ko za a rage mai, kewayen Washington bai bari ba. Ya duba ko za a tsaya a hanya a ƙara mai, minti biyar ɗinsu na ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin zai wuce. Ya kira matar da ke rabon lokacin sauka, ta ce masa ko gwamna ne ya kira babu gurbi. Kayan fasinja kuwa tuni ya tsara a tura su ta mota, babu abin da ya rage da za a sauke sai mutum.

Hanyoyi uku ne a gabansa, ya kuma san su sarai. Ya yi shiru, ya bar Olive ta tashi da lissafin ƙarya, da mutum shida a bayanta. Ko ya gaya mata gaskiya, Gregory ya ji, aiki ya tafi, takardu su bi shi, da nasa da na matarsa. Ta ukun, ya dubi surukinsa ya ce masa ya yi wa jirgi nauyi. Ya gaya mini daga baya cewa a lokacin, wallahi, ta ukun ce ta fi yi masa wuya a baki, ko da yake ya san ba ita ce mafi muni ba.

Lahadi da safe ya sami Olive tana zagaya helikwaftarta da tocila. Tsohuwar matuƙiyar soja ce, gajeriya, mai furfura, ba ta da yawan magana.

"Olive, fasinja na shida. Lambar da na rubuta ba daidai ba ce."

"Ya yi maka ƙarya?"

"Ban tambaye shi ba."

Ta kashe tocilar. "Nawa ne?"

Ya faɗa mata. Ta yi lissafi a kanta, bakinta yana motsi.

"Da zan iya ɗagawa daga nan, wataƙila," ta ce. "Can ne matsalar. Wurin saukar matsattse ne, ga tantuna, ga wayoyin wuta, ga zafin rana. Shekara huɗu ina karɓar lambobinka ban taɓa sake dubawa ba, Halilu. Ba zai hau ba. Kuma Gregory zai ji, ko daga bakinka ko daga nawa. Zaɓi."

Ya je da kansa. Gregory yana tsaye da kofi yana jiran jirgin Texas. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Yau ba ni da lokacin wannan. Gobe ƙarfe tara, ofishina."

Ƙarfe goma saura kwata Juwairiyya ta sauke mahaifinta a ƙofar rumfar jirage ta juya saboda jaririya. Alhaji ya shigo cikin farar shadda, hula ta zauna daidai, ƙamshin turare ya riga shi isowa. Baƙin Texas su biyar suna tsaye da gajerun wanduna suna kallonsa, yana ɗaga musu hannu kamar ya san iyayensu.

Halilu ya durƙusa a kan simintin nan mai maiƙo. Ya gaishe shi da kwana. Ya gaishe shi da hanya. Ya sake gaishe shi da kwana. Olive tana tsaye gefe da takarda a hannu tana duba agogo.

"Malam Halilu, sau uku ke nan kana gaishe ni," in ji Alhaji. "Mene ne?"

"Baba, jirgin ne."

"Ya lalace?"

"A'a. Lodin ne ya yi yawa."

Alhaji ya dubi helikwaftar, ya dubi Turawan ɗaya bayan ɗaya, yadda yake duban buhuna a tasha. Sannan ya dawo da idonsa kan surukinsa.

"Wa ya auna?"

Halilu ya nuna ƙirjinsa da yatsa.

"Ni nawa ka sa mini?"

"Tasa'in, Baba."

"Tasa'in." Alhaji ya maimaita a hankali. "Rabona da tasa'in tun ba a haifi matarka ba."

A jikin bango akwai sikelin da ake auna jakunkuna. Alhaji ya taka zuwa wurin, ya cire takalmi, ya tattare hannun riga ya ɗora a kafaɗa, ya hau, a gaban kowa. Ya yafito Olive da hannu ta zo ta karanta da idonta. Ɗari da talatin da huɗu, da riga da komai. Ya sauko ya mayar da takalminsa.

"Gaya wa direbar ta tafi, kada ta rasa layinta."

Ƙarfe goma da kwata helikwaftar ta ɗaga da mutum biyar. Iskarta ta kaɗa shaddar Alhaji, ya dafe hula, ya bi ta da ido har ta zama ɗigo. Babu mai mayar da shi gida, Halilu kuma ba ya iya barin rediyo. Haka ya ja wa surukinsa kujera a ɗakin nan marar taga.

Kusan awa ɗaya Halilu yana kan rediyo. Can Alhaji ya yi magana, idonsa yana kan allo.

"A tashar Funtua, wanda ya yi lodi da ido, gobe ba a ba shi mota. Ni na taɓa sauke buhun mahaifina guda huɗu a bakin hanya, ya yi wata bai amsa gaisuwata ba." Ya gyara zama. "Ranar Laraba da ka tambaye ni jiri, wannan kake son tambaya?"

"E, Baba."

"Da ka tambaya da na faɗa maka. Da na ji haushi, amma da na faɗa." Ya juyo ya dube shi. "Yanzu mutanen Funtua me zan ce musu? Har liman na gaya wa."

Waya ta yi ƙara, Halilu ya ɗauka, wani jirgi ne zai makara.

Da aka fara tseren, Alhaji ya matso da kujerarsa gaban ƙaramar talabijin. Bai nemi a kunna murya ba. Motocin ba su dame shi sosai ba, masu canjin taya ne suka tafi da hankalinsa, yadda mota za ta tsaya, mutane su afka mata, kafin ka gama ƙifta ido taya huɗu sun canja. Ya riƙa buga cinya yana cewa, "Ka ga ma'aikata. Da ina da biyu irin waɗannan a Tegina, kan hanyar Legas." Suka yi azahar da la'asar a kan sallaya ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, don ɗakin ba ya ɗaukar sahu. Da tsere ya ƙare kowa ya so tashi lokaci guda, Alhaji ya ga surukinsa da waya a kowane kunne, yana matsar da maganaɗisu, yana ba wannan haƙuri yana tsawata wa wancan, har jirgi na ƙarshe ya sauka lafiya. A mota, a kan babbar hanyar 95, ya ce, "Ashe kai ma kamasho ne." Daga bakinsa wannan yabo ne.

Litinin ƙarfe tara, Gregory ya yi masa tambaya ɗaya.

"Mutumin a gidanka yake kwana. Me ya hana ka tambayarsa?"

Halilu ya nemi Turancin da zai ɗauki amsar, bai samu ba. Ya ce, "Mahaifin matata ne."

"To sai me?"

Nan maganar ta tsaya. Abin da ya cece shi, Olive ta riga ta shiga ta ce ya zo mata da gaskiya tun kafin ta kunna inji, kuma ba ta son a kawo mata wani sabo a tsakiyar lokacin tsere. Gregory bai kore shi ba. Ya rubuta takardar gargaɗi ya sa a fayil ɗinsa, ya ce kuskure ɗaya nan gaba, kowane iri, shi ke nan. Ya kuma sa aka jawo sikelin nan zuwa bakin ƙofa, daga ranar kowa sai ya hau, komai kuɗinsa.

Da wannan takardar a kansa Halilu ya ƙara shekara huɗu. Bai nemi hutu ba, bai yi musu ba, ko ciwo ya yi sai ya zo. A cikin shekarun ne muka saba da ganin kular shinkafa ba maigida. Katin ya fito a 2013. Muka ce to, yanzu sai ya huta, ya nemi aiki mai taga. Ya ce zai duba. Afnan ta shiga makaranta, an haifi ƙaninta, kuma a duk yankin babu wanda ya san layin Dover kamarsa. Har na bar Woodbridge yana ɗakin nan, kuma bai taɓa ganin tseren da idonsa ba.

Alhaji kuwa ya koma Funtua ya gaya wa mutane gaskiya, cewa an auna shi an ce ya fi ƙarfin jirgin Amurka, kuma labarin ya fi na hawan karɓuwa. Tun daga nan, duk ranar da ya bugo waya, Halilu zai zame daga kujerar ofis ya durƙusa tsakanin firinta da kwandon shara, waya a kunne. Kafin a gama gaisuwa Alhaji zai ce, "Ɗari da ashirin da shida. Rubuta, kada ka ce ban faɗa ba."

Halilu ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, Baba." Kuma yana rubutawa, a ƙasan farin allon, can gefen da babu jirgi.